Mu shida a jirgi ɗaya: tseren filafilai a mashigin Solent

Jirgin da muke tsere da shi na wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin lantarki da ya yi ritaya. Matarsa abokiyar aikina ce a Southampton, can kudancin Ingila, kuma ita ce ta fara gayyata ta wata ranar Laraba da suka rasa hannu ɗaya. Jirgin samfurin Contessa 32 ne, mai tsawon ƙafa 32, irin waɗanda aka fara ƙerawa a garin Lymington a farkon shekarun 1970. Dattijon yana ji da shi ƙwarai, kuma yana da hujja. A tseren Fastnet na 1979, inda jirage 303 suka tashi guguwa ta faɗa musu har 'yan tsere 15 suka rasa rayukansu, irin wannan jirgin ne, mai suna Assent, kaɗai ya kai ƙarshe a rukunin ƙananan jirage. Duk baƙon da ya taka jirginmu sai ya ji wannan labari kafin a kwance igiya, kuma yakan kwantar da hankalin mai tsoron ruwa.

Mu shida ne. Dattijon ke riƙe da sandar tuƙi. Matarsa ce mai lissafin hanya da lokacin cikar teku. Akwai mai kula da babban filafili, wato katon ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi, akwai wata budurwa ɗalibar jami'a da ke aikin goshin jirgi saboda rashin nauyinta da zafin namanta, sai ni da wani direban bas ɗan Poland a kan na'urorin naɗe igiya. Babu mai cin abinci da wannan wasa a cikinmu. Ban da dattijon, kowa yana tashi daga aiki ko karatu ne ya nufi kogin Hamble, ya sa rigar ruwa a kan gajiyarsa. Albarkacin doguwar ranar watan Yuni, inda rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, ana yin tsere cikakke a dawo da sauran haske.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda jirgi ke tafiya wajen da iska ke fitowa. Kai tsaye ba ya iyawa. Iyakarsa ya karkace da kusan digiri 45, ya yi ta tafiya a haka, sannan ya juya ɗaya gefen, yana saƙa hanya har ya isa. Kowane juyi aikina ne: in saki igiyar filafilin gaba a daidai lokacin da iska ta fita daga cikinsa, abokina ya ja ta ɗaya gefen da hannu, sannan a ƙarasa da mariƙin na'ura har filafilin ya ɗame. In an yi shi da kyau, jirgi ba ya rasa gudu sosai. In an makara da ƙiftawar ido, filafilin ya cika da iska kafin a ɗaure shi, to sai a yi ta nishi a kan na'ura, abokan hamayya na wucewa. Gudun jirginmu bai fi mil 6 na teku a awa ba, mai keke ma zai tsere mana, amma idan ya kwanta a gefe ruwa na shafar bakinsa, muna jere a ɗaya gefen ƙafafu a waje don mu danne shi, jini yakan hau kamar ana sukuwar sallah.

Farkon tsere ya fi ko'ina hatsari da hayaniya. Layin tashi ba a ganinsa, tsakanin jirgin alƙalai ne da wata alama mai iyo. Ana busa ƙaho saura minti 5, saura 4, saura 1, sannan na tashi. Jirgin filafilai ba shi da birki, don haka kowa yana ta kewaye a bayan layin, yana neman ya ƙetare shi da cikakken gudu a daidai daƙiƙar da aka busa. Wanda ya riga ƙaho sai ya koma ya sake. Dokokin ba da hanya kaɗan ne amma dole su zauna a kai: wanda iska ke shigar masa ta hagu shi ke kauce wa wanda take shigar masa ta dama, kuma idan duk ta gefe ɗaya take shigar musu, wanda ya fi kusa da inda iskar ke fitowa shi ke kaucewa. Abin da ya fi burge ni shi ne babu alƙalin wasa a bayanka. Idan ka tare hanyar wani, kai da kanka za ka fita gefe ka juya jirginka sau biyu a matsayin horo. Idan alama ka taɓa, sau ɗaya. Na ga kyaftin ɗinmu, wato dattijon, ya yi wannan juyi muna kan gaba, saboda gefen jirgi ya shafi alama a inda babu wanda ya gani sai mu. Tun daga ranar ban ƙara jin nauyin ɗaukar umarninsa ba.

Sai dai a Solent iska rabin magana ce. Sauran rabin yana ƙarƙashin jirgi. Wannan mashigi yana tsakanin gaɓar Ingila da tsibirin Wight, a buɗe yake ta gabas da yamma, kuma teku na shiga tana fita da ƙarfi sau biyu a yini. A matsatsin Hurst gudun ruwan yakan wuce mil 4 na teku a awa lokacin babbar cika. Ka lissafa: jirgi mai gudun 6 idan ya fuskanci ruwa mai gudun 4, a kan ƙasa 2 kawai yake ci. Shi ya sa matar kyaftin ba ta rabuwa da littafin taswirar gudun ruwa, awa bayan awa. Ƙa'idarta ɗaya ce: idan ruwa na tare da mu, a shiga tsakiya inda yake da zurfi da ƙarfi, idan yana gāba da mu, a lafe a bakin gaɓa inda ya yi sanyi, ido a kan ma'aunin zurfi. Mun sha wuce jirage sababbi masu tsadar filafilai don kawai sun tsaya suna kokawa da ruwa a tsakiya. A tsakiyar mashigin kuma akwai tudun yashi na Bramble, wanda ke fitowa fili idan teku ta janye sosai, har kulob biyu ke buga wasan kurket a kansa sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya dawo. Ga kuma manyan jiragen kwantena masu shiga Southampton. A lungun da suke juyawa doka ta hana ƙaramin jirgi shiga mita 1000 na gabansu, kuma ko ba doka, wanda ya ga girmansu daga ƙasa ba ya musu.

Babbar ranarmu a shekara ita ce tseren kewaya tsibirin, wanda kulob ɗin Island Sailing Club na garin Cowes ke shiryawa tun 1931. Da jirage 25 aka fara, daga baya kuwa ya sha tara fiye da dubu. Tafiyar kusan mil 50 ce na teku, ana tashi daga Cowes da sassafe a nufi yamma tare da janyewar ruwa. Daɗinsa shi ne gwanaye da 'yan koyo a ruwa ɗaya suke, kuma ana daidaita lokacin kowane jirgi da lissafin girmansa da filafilansa, ta yadda ƙaramin tsohon jirgi zai iya ɗauke babban kofin. Edward Heath ya ci shi har yana kujerar Firaministan Birtaniya. A irin ranar nakan yi Asuba a masauki tun wajen ƙarfe 3, Azahar da La'asar kuma in haɗa su a zaune cikin ɗakin jirgi idan hanya ta miƙe, abokaina sun san lokacin, ɗaya yakan karɓi igiyata ba sai na roƙa ba.

Wurin da zuciya ke bugawa shi ne kwanar Needles, duwatsun alli farare masu tsini da hasumiyar fitila a ƙarshensu. Dab da hasumiyar, a ƙarƙashin ruwa, akwai ragowar tukwanen injin Varvassi, jirgin Girka da ya daki dutse a 1947. Akwai ɗan rata tsakanin ɓaraguzan da dutsen, kuma masu son yanke hanya sukan bi ta nan. Wasu su wuce, wasu su bar ƙasan jirginsu a can. A nan ne muka taɓa samun saɓani mafi zafi. Mai kula da babban filafili yana ihu a bi ta ciki, ɗan Poland na goya masa baya, budurwar gaba tana nuna jirage uku da suka riga suka shige. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya tambayi matarsa zurfin ruwa a wannan sa'ar, ta faɗa, ya ce za mu zagaya ta waje. Mun yi asarar 'yan mintoci, mai filafilin ya yi shiru har muka wuce kwanar St Catherine a kudancin tsibirin. Iya ruwa fid da kai, kuma jirgin da mutum shida ke ciki ba wurin gwada sa'a ba ne saboda kofi.

Da yamma a teburin kulob aka zauna aka baje maganar, su da abin shansu ni da shayina, kuma daga nan muka kafa dokar da ta riƙe mu har yau. Muddin ana tsere, kowa yana da ikon faɗin abin da ya gani: iska na tafe a kan ruwa, jirgi ta hagu, zurfi ya ragu. Amma abin da za a yi, mutum biyu ne ke tattauna shi, ɗaya ke yankewa. Ƙorafi kuma sai an ɗaure jirgi a mashaya. Ina ganin wannan ya fi wuya ga abokai fiye da baƙi, domin aboki ya saba a saurare shi, kuma kalmar da aka jefa da ƙarfi cikin iska tana iya bin mutum har gida. Na ga ƙungiyoyi masu jirage fiye da namu sun watse a kan haka, mai jirgi yana zagin mutanen da suka bar iyalinsu ranar hutu don su ja masa igiya kyauta. Shekara na kewayowa sai ka gan shi a bakin mashaya yana neman ma'aikata.

Ɓangaren kudu na tsibirin, idan iskar kudu maso yamma ce kamar yadda aka saba, shi ne na filafilin gudu, wannan katon mai launi da ke kumbura a gaban jirgi. Ɗaga shi da sauke shi ne ke tona asirin ƙungiya. Hannu shida ne ke aiki a jere, kuma idan ɗaya ya riga ɗan'uwansa, filafilin ya naɗe a waya ko ya faɗa ruwa ya zama koma. Mun gyara wannan ne ta hanyar fita ranakun da babu tsere, muna maimaitawa har aka daina buƙatar magana. Daga Bembridge kuma sai a sake fuskantar iska, a lallaɓa ta gefen yashin Ryde inda jirage ke kafewa ido na ganin ido, a dawo Cowes jiki ya yi la'asar. Ba mu taɓa kusantar kofi ba, amma muna gamawa a tsakiyar rukuninmu, kuma muna hawa sannu a hankali.

Mutane kan ɗauka wasan attajirai ne. Mallakar jirgi kam tana cin kuɗi: wurin ajiya, inshora, filafilai. Shiga cikin ma'aikatan jirgi kuwa kusan kyauta ne, don masu jirage kullum cikin neman hannu suke. Mu abin da muke haɗawa shi ne kuɗin shiga tsere da abinci, sai kuma gumi a lokacin sanyi, idan an ɗaga jirgin kan tudu muna kankare ƙasansa muna shafa fenti, yatsu na ƙagewa. Wanda ke zaune kusa da gaɓa a Ingila ya je kulob mafi kusa ya ce yana son koyo, ya zo a kan lokaci, ya sayi takalmi mai riƙe santsi da rigar kariya daga nutsewa. Wanda ke Legas ma yana da inda zai tambaya, domin kulob ɗin jiragen filafilai na birnin yana nan tun 1932.