Na kama atamfa ɗaya, duka suka taso

WordPress 5.6, sabon zubin manhajar gina shafukan intanet, ya fito ranar 8 ga Disamba 2020. Na bar shi ya kwana biyu don in ji ko wasu za su yi kuka da shi, ban ji komai ba. Sai wani dare bayan isha'i na shiga shafin wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda da leshi, na danna maɓallin sabuntawa. A kan ainihin shafin da masu saye ke shiga na danna, ba a kan kwafi ba, kuma ban ɗauki kwafin rumbun bayanai ba kafin nan. Na leƙa shafin farko, hotuna sun fito, farashi ya fito, na rufe kwamfuta na kwanta. Har yau idan na tuna wannan dannawar sai raina ya ɓaci.

Akwai wani ɗan fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress, da na rubuta wa shafin tun 2017. Aikinsa ɗaya ne: yana jero kayan da za su fito a shafin farko, yaron shago ya kama layin da yake so da linzami, ya ja shi sama ko ƙasa ya saki, jerin ya ajiyu. Sortable ne kawai, kayan aikin ja da saki na jQuery UI, wani laburaren kod na JavaScript da aka gina a kan jQuery. Amma a wurin Alhaji wannan jerin ba abin wasa ba ne. Da kansa yake zama ya ce wannan ta hau, waccan ta sauka, gwargwadon abin da kasuwa ke ja da abin da yake so ya rabu da shi kafin sabon kaya ya iso. Ga ƙarshen shekara, bukukuwa sun kankama, masu anko sai tambaya suke.

Washegari wajen azahar yaron ya kira ni. "Injiniya, abin nan ya lalace fa. Atamfa ɗaya na kama zan kai sama, sai duka suka taso tare. Da na saki, yanzu abu ɗaya kawai shafin farko yake nunawa." Kaya 46 ne a jerin. Saura ɗaya.

Nan take na yanke hukunci cewa jQuery UI ne. Ina da hujja kuwa, ko abin da na ɗauka hujja ce: 5.6 ya ɗaga jQuery daga 1.12.4 zuwa 3.5.1, ya kuma ɗaga jQuery UI daga 1.11.4 zuwa 1.12.1. Abin da ya lalace ja da saki ne, ja da saki kuma na jQuery UI ne, to me ya rage? Na sa fulogin ɗin Enable jQuery Migrate Helper, na zaɓi a koma tsohon jQuery, jan ya dawo daidai. Abin da ban lura da shi ba shi ne, wannan zaɓin laburare biyun yake mayarwa baya lokaci guda, don haka bai nuna mini wanne ne sanadi ba. Ya dai ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan zaton da na riga na yi.

Jan ya dawo, jerin bai dawo ba. Kwafin shafin da ke wurin kamfanin da ke ajiye shi a kan saba (server) ya girmi zuwan sabon kaya. Wani hoton allo da yaron ya taɓa tura wa wata mai saye a WhatsApp ne ya ba mu na sama-sama, sauran kuwa sai da Alhaji ya bar ciniki ya zauna ya sake jerawa daga ka. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, nan gaba in za ka taɓa, ka faɗa mini tukuna." Da ma faɗan ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na san ba za a dawwama a kan tsohon jQuery ba, sai na ɗauko kwafin shafin na ajiye a kwamfutata, abin da ya kamata in yi tun farko, na fara farauta. Dare uku na yi ina bin jQuery UI. Na karanta bayanan sauye-sauyen 1.12. Na ga WordPress ya haɗe widget da position cikin core, na gyara jerin abubuwan da fulogin ɗin ke dogara da su, babu canji. Na taɓa tolerance, na taɓa helper, na cire handle na mayar. Konsol kuwa, inda burauza ke nuna kurakuran kod, fes yake, layi ɗaya tak da ke cewa an ɗora Migrate 3.3.2, mai taimaka wa tsohon kod aiki a kan sabon jQuery, babu jan rubutu ko ɗaya. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na laburare.

A dare na uku, cikin laluben duhu, na canza zaɓin items. Asalinsa Sortable 'ya'yan da ke manne kai tsaye da uwar jerin yake lissafawa. Na ce masa ya ɗauki duk abin da ke da ajin kaya, ko a ina yake. Na kama layi na biyar na ja. Huɗu na sama suka tsaya cak, daga na biyar zuwa ƙasa suka taso. Na kama na goma, daga goma zuwa ƙasa suka biyo ni. Sai a lokacin na danna Inspect, a karon farko cikin kwana uku, na kalli abin da burauza ta gina a zahiri.

Matakala na gani. Layi na biyu yana cikin na farko, na uku yana cikin na biyu, haka har ƙasa, kamar jerin kwanonin da aka sa ƙarami cikin babba. A idon Sortable abu ɗaya ne a jerin, kuma abin da ya gani ɗin ya ɗaga. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ga inda abin yake. Layukan nan da JavaScript nake gina su, ina haɗa rubutun HTML in miƙa wa append. Da yake hoto da suna float na yi musu, a ƙarshen kowane layi na sa ɗan div na sharewa, kuma haka na rubuta shi: `<div class="share" />`, sannan `</div>` na rufe layin. A HTML wannan karkatacciyar sandar ba ta rufe div. Burauza tsallake ta take yi. Abubuwa irin su img da br da input da hr su ne ba sa buƙatar rufewa, div da span kuwa dole a rufe su. Shekara uku jQuery yana gyara mini wannan a ɓoye: kafin rubutun ya isa burauza, wani aiki mai suna htmlPrefilter yana mayar da shi buɗewa da rufewa cikakku. A jQuery 3.5.0, cikin Afrilu 2020, aka cire gyaran, saboda an gano cewa ta wannan sauyin mugu zai iya cusa kod ɗinsa a shafin mutane ko da an tace rubutun, wato harin XSS. Da aka cire, sai `</div>` ɗina ya koma rufe ɗan div na sharewa, layin ya zauna a buɗe, na gaba ya faɗa cikinsa.

Abu biyu suka ƙara ƙona mini rai bayan haka. Na farko, na ga alamar tun ranar da yaron ya kira. Siraran layukan da ke raba kaya sun ɓace daga tsakani, sun taru a can ƙasan jerin sun zama wani baƙin zare mai kauri. Na gani da idona, na ce wannan ta CSS ce, zan dawo kanta. Ashe ita ce amsar gaba ɗaya: kowane layi sai a can ƙasa yake rufewa.

Na biyu ya fi ciwo. Na buɗe wp-config.php na kunna SCRIPT_DEBUG, saitin da ke sa WordPress ya ɗora cikakkun fayiloli maimakon matsattsu, na sake loda shafin, sai ga gargaɗin JQMIGRATE ɓaro-ɓaro yana cewa a rufe tag yadda ya kamata, har da kwafin rubutun nawa a gabansa. WordPress matsattsen fayil ɗin Migrate yake ɗorawa, shi kuma wannan fayil ɗin a kashe gargaɗinsa yake zuwa. Tsabtar konsol ɗin da na dogara da ita dare uku ba shaida ba ce ta komai. Duk mai bin irin wannan matsalar bayan an sabunta jQuery, don Allah ya fara kunna SCRIPT_DEBUG a kan kwafi kafin ya karanta ko layi ɗaya na bayanan sauye-sauye. Minti biyu ne.

Migrate yana da wata ƙofa ta dawo da tsohon halin, `jQuery.UNSAFE_restoreLegacyHtmlPrefilter()`. Na dube ta, ban shiga ba. Sun rubuta UNSAFE da manyan baƙaƙe don kada wani ya ce bai sani ba, kuma shafin da mutane ke rubuta suna da lambar waya suna odar kaya ba wurin sake buɗe ramin da aka toshe ba ne. Gyaran gaskiya bai kai layi ɗaya ba: `<div class="share"></div>`. Na mayar da items yadda yake, na cire Helper, jan ya tafi sumul a kan 3.5.1.

Sai dai ba wannan kuskuren ne ya cinye jerin Alhaji ba. Shi jan kawai ya lalata. Abin da ya share kaya 45 nawa ne zalla, babu hannun wani laburare a ciki. Na ɗaura ajiyewa a kan stop, wanda ke tashi duk lokacin da aka saki linzami, ko an canza wani abu ko ba a canza ba. Da a kan update na ɗaura, wanda sai matsayin abu ya sauya yake tashi, da babu abin da zai tafi saba ranar, domin abu ɗaya a jeri ba shi da inda zai koma. Sannan a ɓangaren PHP, duk jerin lambobin kaya da toArray na Sortable ya turo, update_option na WordPress nake miƙa wa ya rubuta a kan tsohon, babu tambaya. Jiya 46, yau ɗaya, kod ɗina ya karɓa ya ajiye.

Yanzu fulogin ɗin yana gwada lambobin da aka turo da waɗanda ke ajiye. Sake jeri ba ya ƙara kaya, ba ya ragewa, don haka in lambobin ba su zo ɗaya ba, ya ƙi ajiyewa ya nuna wa yaron saƙo cewa ba a taɓa komai ba. Cire kaya daga jerin kuma maɓallinsa daban, hanyarsa daban. Kafin kowace ajiya yana adana jerin baya guda biyar, da maɓallin komawa. Wannan ya ɗauke ni yini guda, ya fi gyaran jan nesa ba kusa ba, kuma shi ne aikin da na fi jin daɗin yi a duk lamarin.

Da na gama sai na bi duk fayilolin JavaScript da na taɓa rubutawa ina neman div da span da tag ɗin a waɗanda suka ƙare da karkatacciyar sanda. Na samu guda bakwai a fulogin uku. Ɗaya yana shafin wata makaranta, a wurin da ake jera jadawalin darussa, shi ma a kan stop yake ajiyewa, kuma ba a kai ga sabunta shi ba tukuna. Na kira mai kula da shafin a daren, na ce kada kowa ya danna komai sai na zo da safe.