Ƙusar Asuba

A shekarata ta farko a sashen gashin ƙashi, idan mutum ya shigo ya ce diddigensa ke ciwo, kafin ya rufe baki na riga na san abin da zan yi masa. In kwantar da shi, in kunna masa fitilar gashi ta minti 15, in murza masa man zafi, in ce ya dawo jibi. Su ma abin da ya kawo su ke nan. Wanda ya biya kuɗin mota tun daga Bichi ko Gezawa ba ya son a sallame shi da fatar baki, so yake ya ga an jona wani abu a wuta. Sai su tafi suna sa mini albarka, jibi su dawo da ɗingishinsu yadda suka tafi da shi.

Kusan bakinsu ɗaya. "Likita, da asuba idan na sauko daga gado zan je alwala, sai ka ce ƙusa na taka. Idan na ɗan zazzaga sai ya lafa. In na zauna na jima, ina miƙewa ya dawo." Wasu sanyi suke kiransa. Wasu sukan sassauta murya su ce suna zargin wani abu aka binne musu suka taka.

Bayanin kuwa yana cikin littafi, na ma ci jarrabawa a kansa. Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne a cikinta, an jera su kamar baka, kuma bakan nan yana da tsirkiya: wata jijiya ce mai kauri da faɗi, ta tashi daga ƙashin diddige ta bi tafin ƙafa har gindin yatsu. Duk takun da mutum ya yi, ita ke ɗaurewa ta riƙe bakan kada ya baje. Idan aiki ya fi ƙarfinta sai ta fara sassaɓewa daidai inda ta manne da ƙashi, ta gefen ciki na diddige. Da dare kuma, mai barci ƙafarsa a sake take, yatsu sun kalli ƙasa, jijiyar ta takure har tsawon awa shida ko bakwai. Da asuba sai a ɗora mata nauyin jiki gaba ɗaya a taku guda, ba sallama. Ƙusar ke nan. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 zai gamu da ita a rayuwarsa, kuma ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60.

Duk na san wannan, amma sanin jarrabawa ne. Sai da ta kama ni.

Bayan haihuwata ta biyu na yi jiki, muka kuma tashi daga gidan surukaina mai daɓen siminti da tabarmi muka koma gidan haya da aka shimfiɗe da tayil har kicin. A wurin aiki wuni nake a tsaye da wani shafaffen takalmi da na saya don ya dace da farar riga. Wata asuba na sauko zan ɗauki yarinya tana kuka, sai ji na yi na dafe bango. Mijina ya ce, "Ke da kike gyaran na wasu?" Ban tanka ba. Mako uku ina shiga ɗakin gashi a ɓoye lokacin hutun azahar ina kunna wa kaina fitilar nan. Daɗi kam akwai, ɗumi ne. Washegari da asuba ƙusa tana nan inda na bar ta.

Abin da ya taimake ni ba ya cin ko sisi, shi ya sa ma na raina shi tun farko. Kafin ƙafata ta taɓa ƙasa, sai in zauna a bakin gado, in ɗora mai ciwon a kan ɗaya gwiwar, in kama yatsun in ja su baya wajen ƙauri har in ji tsirkiyar ta ɗaure a ƙarƙashin babban yatsan hannuna. In ƙirga goma, in saki, sau goma. Sannan in naɗe ɗankwali in rataya a tafin ƙafa, in miƙe gwiwa, in jawo har sha-raɓa ya amsa. Takalmi mai taushin ƙasa yana ajiye a gindin gado, ba na taka tayil da ƙafa tsirara ko da taku biyu ne zuwa banɗaki. Da rana in dafa bango, mai ciwon a baya, diddige a ƙasa, in karkata gaba na daƙiƙa 30, sau uku. Domin idan sha-raɓa da agara suka ɗaure, jijiyar tafin ƙafa ce ke biyan bashin. Da ciwon ya fara sauka sai na ƙara da ɗage a kan matakala, tawul a naɗe ƙarƙashin yatsu, in hau a hankali in sauko a hankali, yau in yi gobe in huta. Ranar da aka kawo wuta har gorar ruwa ta yi ƙanƙara, nakan mirgina ta da tafin ƙafa da yamma.

Wata bakwai na yi kafin in wayi gari in manta da wace ƙafar ce. Wata bakwai! Ni da nake cewa mutane su dawo jibi. Yanzu tun ranar farko nake faɗa musu gaskiya: yawancin masu wannan ciwo suna warkewa cikin shekara guda ba tare da an yanka su ba, amma watanni ake ƙirgawa. Wanda bai ji wannan ba, mako biyu zai yi ya ce maganin asibiti bai karɓe shi ba, ya tafi wurin wanzami a yi masa tsaga.

Tambayoyina ma sun sauya. Da ina tambayar ina ke ciwo, yanzu cewa nake a ba ni labarin wuni, daga asuba zuwa kwanciya, sannan in ce a miƙo mini takalmin. Takalmi ba ya ɓoye komai. Silifas ɗin da diddigensa ya cinye har ana hango ƙasa, wanda za ka naɗe shi kamar tabarma, ya gama ba ka amsa. Na gwada wa mutane da yawa: takalmin kirki a wajen yatsu yake lanƙwasa, ba a tsakiya ba, diddigensa kuma ya ɗan ɗara gaban tudu. Sai tambaya ta biyu, me ya sauya a 'yan makonnin nan? A nan ake kama ɓarawon. Wata ta dawo daga Umara, ta yi ɗawafi ba takalmi a kan marmara, ta yi safa da marwa, wanda zuwa bakwai ɗin nan ya haura kilomita 3, alhali a gida daga ɗaki sai tsakar gida. Wani ya tsaya tahajjud goman ƙarshe na azumi. Wani kuma likita ne ya ce masa ya rage tumbi, sai ya tashi rana ɗaya ya fara zagaya filin ƙwallo sau goma da takalmin zuwa ɗaurin aure. Jijiyar ba ta ƙin aiki, bazata ce ba ta so.

Akwai wani mai shayi da ya koya mini iya bakina. Na ce masa, "Malam, sai ka huta da tsayuwa." Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Hajiya, in na zauna wa zai soya ƙwan?" Kunya ta kama ni. Muka zauna muka yi lissafin abin da zai yiwu: ya shimfiɗa tsohuwar tabarmar roba ninki biyu inda yake tsayawa, ya samo doguwar kujera ya riƙa ɗosanawa idan ba ciniki, ya sayi kambas ko na gwanjo ne, ya ja yatsunsa kafin ya tashi daga kowane zama. Tun daga kansa ban ƙara cewa mai neman na abinci ya huta ba.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne hoton ƙashi. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta zo da nata a cikin babbar ambulan, ta nuna mini ɗan tsinin da ya fito a ƙasan ƙashin diddige kamar ƙayar aduwa. "'Yata, kin ga abin da ke sukata. A cire mini shi kawai." Ai kuwa duk wanda ya ga hoton zai yarda da ita. Amma mutane da yawa suna yawo da wannan tsini ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma ciwon kamar ya kashe su, hotonsu fes. Na ce, "Hajiya, in da ƙayar ce, da tafiya ƙara miki za ta yi. Ke kuwa kin ce in kin zazzaga sauƙi kike ji." Ta yi shiru, ta ce to allurar fa, wadda aka yi wa maƙwabciyarta. Allurar sitiroyid tana kwantar da ciwon na 'yan makonni, ban musa ba, kuma akwai wanda ya kamata a yi wa. Sai dai yawan maimaita ta yana iya cinye kitsen da Allah ya shimfiɗa a diddige ya zama matashi, yana ma iya tsinka jijiyar. Haka masu shan diklofenak na kemis safe da yamma wata da watanni: diddige bai warke ba, ga gyambon ciki, ga ƙoda a cikin haɗari.

Ba kowane ciwon ƙafa na safe ne wannan ba, kuma nan ne na fi jin tsoro. Babban yatsa da ya kumbura ya yi ja cikin dare, ko zani ba ya so ya taɓa shi, wannan gishirin da ke taruwa a gaɓa ne, gwajin jini yake so. Wadda gaɓoɓin hannu da na ƙafa duka biyun suke sanƙarewa fiye da rabin awa kowace safiya, amosanin gaɓɓai nake zargi, in tura ta wurin likitansa tun gaɓoɓin ba su karkace ba. Wani dattijo kuma ya zo yana cewa tafin ƙafarsa na zugi kamar an zuba barkono, ya fi tsananta da dare. An ba shi shawara ya gasa dutse ya riƙa takawa. Da na cire masa safa sai ga ƙuna ta ɗuri ruwa, faɗin kwalbar lemo.

"Baba, wannan fa?"

"Wanne, 'yar nan?"

Bai san da ita ba. Ciwon suga ya riga ya kashe masa jijiyoyin ji. Ranar ban kunna fitila ba, hannunsa na riƙe har ɗakin masu wankin ciwo.

Fitilar dai tana nan a kusurwa, kuma nakan kunna ta jefi-jefi ga wanda na tabbatar ƙafarsa na ji. Minti 15 ɗin nan da mutum yake kwance ba inda za shi, a cikinsu nake karɓar ɗankwalinsa ko rawaninsa in nuna masa yadda zai ja, in sa ya maimaita a gabana har sau uku. Hajiyar Kantin Kwari ta leƙo bayan sallar layya da turmin atamfa a leda. Na tambaye ta ƙafa, ta ce da sauƙi sosai, ai wannan fitila tamu akwai albarka.