Faifan burki mai huji-huji ko irin wanda mota ta zo da shi?

Satin da ya wuce sitiyarin motata ya fara rawa duk sanda na taka burki, musamman in na ɗan sake ta a titin Zariya na zo zan rage gudu wajen Na'ibawa, sai kaji hannunka yana karkarwa kamar ka dafa janareto. Corolla ce ta 2010, da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa kasuwa, don haka ban tsaya jira ba na kaita wajen bakanikena a Ƙofar Ruwa. Ya ɗaga ta a jak ya kwance tayar gaba, ya shafa bakin faifan da yatsa yace "Alhaji taɓa kaji." Na taɓa, gefen ya yi tudu kamar bakin faranti, tsakiyar kuma ta cinye ga zane-zane. Da ya zaro fad ɗin, wato abin da ke matse faifan in ka taka burki, sai ga na ciki saura kaɗan ya kai ƙarfe, na wajen kuwa da sauran namansa. Yace fin ɗin kalifa ne ya kafe, wato sandar da ƙarfen da ke riƙe da fad ɗin yake zamewa a kai, giris ya bushe ƙura ta shiga, shi yasa ɓangare ɗaya kawai yake ci.

Tare muke da ƙanena, shi kuma mutum ne mai son mota ta yi kyau, nan take yace "Yaya tunda dai canzawa za a yi kawai a sa maka mai hujin nan, ance yafi kamawa." Ya nuno min a wayarsa, faifai duk an huhhuje shi an yi masa tsaga-tsaga, kalifa an fenta ta ja. Gaskiya da kyau a ido, ba zan ɓoye ba. Amma ban saya ba, kuma dalilin ne yasa na zauna rubuta wannan, don naga samari da yawa a garin nan suna zuba kuɗi a inda ba nan matsalar take ba.

Aikin burki dai shine ya maida gudu ya koma zafi. Fad ya matse faifai, su gogu, zafi ya tashi, iska ta kwashe. Asalin hujin nan daga motocin tsere ya fito, a zamanin da fad in ya yi zafi sosai yake fitar da wani tururi da ke shiga tsakaninsa da faifan, to hujin ne ke ba shi hanyar fita. Fad ɗin yanzu ba su cika yin haka ba. Kuma kowane huji rauni ne a jikin ƙarfe, in ya sha zafi ya huce ya sake shan zafi, daga bakin hujin tsagewa take farawa, balle mai arha wanda faifai ne na kullum aka ɗauka aka huda shi daga baya. Mai tsaga-tsagar kuma yana kankare fad ne, zaka riƙa canzawa da wuri. Ga kuma ƙasarmu, ƙurar hunturu da taɓon damina da garin fad ɗin kansa duk cikin hujin suke taruwa su toshe shi.

Abin da nafi so mutane su gane shine wannan. In ka take burki da ƙarfi kaji fedal yana bugun ƙafarka, wato ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa, ya shigo, ko a tsohuwar mota kaji taya ta yi ƙiii ta ja ƙasa, toh burkinka ya riga ya fi ƙarfin tayarka. Daga nan ko faifan zinare ka saka motar ba za ta tsaya da wuri ba, taya ce ke riƙe kwalta ba faifai ba. Mu kuwa a nan mutum zai sayi faifai mai tsada ya bar tayar Beljiyam wadda ta shekara goma ta bushe ta tsattsage. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da aka rubuta DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 sati na 23 kenan a 2019. Kuma in ka ninka gudu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ba ninki biyu zai yi ba, kusan huɗu ne.

Fad kuma iri-iri ne. Akwai mai laushi, shiru gare shi kuma baya cin faifai amma yana saurin ƙarewa. Akwai mai haɗin ƙarfe, yafi jure zafi sai dai yana ɗan ƙara kuma yana baƙanta rim. Akwai na siramik, tsaf yake ba ƙura sosai, yana daɗewa, ya fi tsada. Sai na tsere, wanda wallahi shi ne nafi jiye wa mutane tsoro, saboda sai ya ɗau zafi yake kamawa yadda ya kamata. Ka fito da sassafe burki a sanyaye, kana cikin gosulon Kurna ɗan adaidaita sahu ya yanko maka gaba ba sigina, a wannan takun farko kake buƙatar burki, shi kuma lokacin bai farka ba.

Ba wai nace babu inda ƙari, wato sa kayan burki da suka fi na kamfani, yake da amfani ba. Akwai. Na taɓa saukowa daga Jos ta Hawan Kibo mota cike da mutane da kaya a but, ƙafata a kan burki tun daga sama, can sai naji wari kamar ana ƙona roba, fedal yana nan da taurinsa amma motar bata rage gudu kamar da. Fad ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka. Allah ya kiyaye na samu waje na faka har ya huce, na ƙarasa sauka da ƙaramar giya, wanda tun farko shi ya kamata in yi. Mai bin irin wannan hanya kullum, ko mai Sharon da bas da ke loda kaya har rufi, shi kam ya nemi fad mai haɗin ƙarfe na kamfanin kirki, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Faifan kuma ya bar shi sumul.

Sai man burki, wanda kusan ba mai tunawa da shi sai ya ragu a ƙara. Man nan yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Shi ma iri-iri ne, wanda ake kira DOT 3 sabo sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Celsius yake tafasa, in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 kuma 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa. In ya tafasa fedal zai tafi ƙasa luƙus kamar ka taka soso. Shi yasa ake juye shi gaba ɗaya kamar duk shekara biyu, kuma ka duba murfin kwalbar an rubuta wanda motarka take sha, tawa DOT 3 ne. DOT 5 daban yake, kar a haɗa shi da su.

A Kano ni a ganina zaɓin gaske ba tsakanin na kamfani da mai ƙari yake ba, tsakanin orijina da jabu yake. Sunaye irin su Akebono, Bosch, TRW, Ferodo da Brembo kamfanoni ne na gaske masu kaya mai kyau, to shi yasa masu jabu suke kwaikwayon kwalinsu. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira R90, fad ɗin canji dole aikinsa ya kasance kusa da na asali, kar ya kauce da fiye da kashi 15 cikin ɗari, zaka ga alamar a kwali da bayan fad ɗin. Amma ita ma alamar ana iya bugawa, don haka ka sayi kaya wajen wanda ka sani, wanda in ya ba da matsala zaka koma ka same shi a shagonsa. In kaji kuɗin ya yi arha fiye da hankali ka ajiye.

Ni dai faifai biyu na gaba na saya sumul irin nata, don nawa sun wuce a kankare, akwai MIN TH da aka buga a jiki, iyakar sirantar da aka yarda ya yi kenan kuma nawa sun kai. Bakaniken ya goge tsatsar mazaunin faifan sosai, yace in aka ɗora sabo a kan datti wata biyu rawar za ta dawo, ya wanke fin ya sa giris, ya juye man, ya ɗaure notin taya a gicciye da hannu ba irin hawa kan sifana da masu faci ke yi ba. Muka fita baifas na yi ta ɗan gudu ina ragewa a hankali kusan sau goma ba tare da na tsaya cak ba, don sabon fad ya zauna a kan faifan. Sitiyari shiru.

Da muka dawo ƙanena ya tsuguna gefen tasa motar yana karanta lambar taya, naji yace "Yaya wannan fa 2014 ce." Jibi zamu koma tare.