Littafin da nake rubuta atishawar ɗana a Kubwa

Ɗana na biyu yana da abin da likitoci ke kira alaji, wato jikinsa ba ya jituwa da wasu abubuwa da ke yawo a iska. Sai ya yi ta atishawa a jere, hanci na zubar da ruwa, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, wani dare kuma ƙirji ya riƙa ƙugi. Maƙwabta su ce mura ce, kakarsa ta ce sanyi ne ya shige shi. Amma mura kan zo da kasala, wani lokaci da zazzaɓi, ta yi mako guda ko kwana 10 ta tafi. Tasa ba zazzaɓi, kuma watanninta ba sa canzawa.

Likitar da ke duba shi ce ta ba ni shawarar. Ta ce, "Hajiya, ki samo littafi. Duk ranar da abin ya tashi ki rubuta kwanan wata, da yadda gari ya wayi, da inda yaron ya je." Na sayi littafin makaranta na ajiye kusa da keken ɗinkina. Da shekara ta zagayo na zauna na karanta, sai na ga ashe abin da muke kira da suna ɗaya kashi biyu ne, kowanne da lokacinsa da abin da ke ta da shi.

Na farko yakan fara ne daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, tun hunturu bai shigo ba. Wannan shi ne ya fi ba ni mamaki, domin gari garau yake, ba ƙura ko kaɗan. Sai dai lokacin ne ciyawa ke fitar da kai. Duk wanda ya san Kubwa da hanyar Bwari ya san filayen da ba a gina ba, inda gamba da kyasuwa ke tsawo har su shanye mutum. Furen ciyawa ba ya jiran ƙudan zuma, iska ce ke ɗaukar garinsa, shi ya sa yake da yawa kuma ba nauyi. Wanda ya taɓa ratsa gonar gero lokacin bununi ya fito da riga ta yi ɗorawa ya san irin garin da nake nufi. Idan ya shiga hancin mai alaji, jiki kan ɗauke shi a matsayin maƙiyi ya saki sinadarin histamin, daga nan ƙaiƙayi da kumburi su biyo baya. A littafina, ranakun da suka fi muni su ne na rana da iska bayan an kwana biyu ba ruwa, musamman in ya yi ƙwallo a filin bayan makarantarsu. Ranar da aka wuni ana yayyafi kuwa, lafiya lau yake kwana.

Na biyu shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ƙura ce zalla, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, galibi daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Ga kuma hayaƙin ƙona daji a kai. A nan ne hasashe ke amfanata. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, takan sanar da zuwan ƙura, har ta faɗi nisan da ido zai iya gani. In na ji an ce zai gaza mita 1,000, irin ranar da jirage ke jinkiri a filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja, to gobe da takunkumi zai tafi makaranta, maganin shaƙa na buɗe ƙirjinsa na cikin jaka. Kafin in duba waya ma nakan leƙa duwatsun da ke bayan unguwa. In sun dushe, na san yadda ranar za ta kasance.

Kakarsa ta so a sare mangwaron tsakar gida, don yana fure a daidai wannan lokaci. Littafin ne ya hana. Garin furen mangwaro ƙwari ne ke ɗaukarsa, kuma ranakun da yaron ya sha wahala sun bi ƙura ne, ko bishiyar na fure ko ba ta yi.

Abin da ya fi sauya mana rayuwa shi ne riga ciwon shiri. Maganin fesawa a hanci da likita ta rubuta ba ya aiki nan take, sai an yi kwanaki ana amfani da shi, don haka tun tsakiyar Satumba muke farawa. Ta cire masa maganin alaji na Piriton ta ba shi loratadine, saboda barcin da Piriton ɗin ke sa shi a aji. Ta kuma ja min kunne kan maganin ɗigawa mai buɗe hanci da ake saya a kemis: in ya wuce 'yan kwanaki, hancin sai ya ƙara toshewa. Muna wanke masa hanci da ruwan gishiri da aka dafa ya huce. In ya dawo daga waje ya yi wanka ya canza kaya. Shanyarsa a ɗaki nake yi a watannin ciyawa, ɗakinsa kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa maimakon tsintsiya.

Wanda ya fi yi min wuya shi ne turaren wuta. Ina son gidana da ƙamshi kamar kowace mace, amma na ga sau da yawa daren da na turara falo shi ne daren da yake tashi yana cewa, "Umma, ƙirjina." Na daina sa shi inda yake, haka ma maganin sauro mai hayaƙi, muka koma gidan sauro.

Hasashen da ke zuwa min ta rediyo da waya na ƙura ne. Na ciyawa da idona nake yinsa: da zarar na ga kyasuwar bakin hanya ta fara fitar da kai, sai in je wajen malamin ajinsu in roƙe shi ya zaunar da yaron nesa da taga, kuma ranar da za a yanke ciyawar makaranta a bar shi a cikin aji.