Ashe a Rabba ta Ammonawa nake kwana

Wani malaminmu ne ya faɗa cikin hira, kamar ba komai ba, cewa wannan Amman, babban birnin ƙasar Jordan, da na zo karatu ita ce Rabba ta Ammonawa. Tsigar jikina ta tashi. Rabbar da Yowab, shugaban sojojin sarki Dawuda, ya kewaye da yaƙi, inda aka tura Uriya Bahitte bakin daga ya mutu don sarki Dawuda ya ƙyalla ido a kan Batsheba matar Uriya. Baba yana karanta mana wannan a Littafi Mai Tsarki, 2 Sama'ila 11, a ƙauyenmu wajen Malumfashi, kuma bai taɓa kai ƙarshensa ba tare da ya girgiza kai ba.

Rabba na nufin babba, wato babban birnin Ammonawa, zuriyar Lutu. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Talomi na 2 mai mulkin Masar ya raɗa mata Filadelfiya, amma tsohon sunan ya ƙi mutuwa. Ammon ɗin ne ya koma Amman.

Na hau tudun Jabal al-Qal'a, inda tsohon birnin yake, ga ginshiƙan haikalin Harkulis, ga dandalin Romawa mai cin mutum 6,000 a ƙasa. Ina tsaye ina tunanin ta wane gefen ganuwa Uriya ya faɗi, sai wasu samari suka taso ni da "Abu Samra! Abu Samra!", wai su ɗauki hoto da baƙin mutum. Haka a tasi, haka a shagon burodi. Ana ce mini ba zagi ba ne. To ni dai yana yi mini ciwo, ina da sunan da aka yanka mini rago. Kuma labarin tudun da suke tsaye a kai, tun ina yaro na haddace shi.

Da na kira gida, tambayar Baba ɗaya ce: "Ɗana, ka ga gadon ƙarfen Og?" Gadon Og sarkin Bashan ke nan, wanda Maimaitawar Shari'a 3:11 ta ce yana Rabba, tsawonsa kamu 9. Na ce babu shi, Baba. Ya ce in ƙara dubawa. Inna ta karɓe wayar, ita damuwarta sanyi da ko ina samun tuwo.

Yanar ido ta hana Baba karatu yanzu, ƙanwata ke karanta masa da safe kafin ta tafi makaranta, kuma yana faɗa idan ta yi sauri. Ina tara 'yan dinari daga kuɗin abincina don a yi masa aiki kafin damina, yayana kuma har yau bai faɗi nawa zai kawo ba.