Laraba: Saratoga, da gardamar Anti

Yau aka yi Saratoga a aji, wato ɗalibai suka kwaikwayi yaƙin 1777 tsakanin Birtaniya da Amurkawa masu neman 'yancin kai. Wuta ta tsaya har aka tashi, sabis ma bai ba mu kunya ba sai a zagaye na uku, to alhamdu lillahi.

Masu tambayar yadda ake shirya abin, ga shi nan tun kafin in manta. Aji ya kasu biyar. Rukunin Burgoyne, janar ɗin Ingila wanda ya taso daga Kanada a watan Yunin 1777 da mutum wajen 8,000, 'yan Ingila da Jamusawa, ya biyo Tafkin Champlain da nufin isa garin Albany da ke bakin kogin Hudson. Rukunin New York, wato Howe da Henry Clinton, janarorin Ingila da Burgoyne ke sa ran taimakonsu daga kudu. Rukunin Amurkawa, da farko a hannun Schuyler, daga 19 ga Agusta kuma a hannun Gates, Arnold na ƙarƙashinsa. Rukunin Landan, ofishin Germain, ministan Ingila mai aika umarni. Sai rukunin Paris, Franklin wakilin Amurkawa da Vergennes ministan harkokin wajen Faransa, su nasu sauraro ne har labari ya ƙetare teku, sannan su faɗi ko Faransa za ta sa hannu.

Mutum bakwai a rukuni, waya biyu kawai ake yarda ta fito daga jaka: ɗaya ta bincike, ɗaya ta rubutu. Akwai mai riƙe taswira, akwai ɗan aike, akwai wanda ba shi da aiki sai duba kwanan watan duk abin da aka samo. Kowane rukuni da takardarsa ta Google Docs daban, mutum ɗaya ne ke da ikon rubutu a ciki, ni kuma ina ganin duka biyar ɗin daga kwamfutata. Kada a haɗa su a takarda ɗaya. Mutum talatin da biyar suna taɓa shafi ɗaya da yatsa a waya, kafin minti goma wani ya goge layin wani, kuma Amurkawa za su karance sirrin Burgoyne tas. Takardar gida huɗu ce: kwanan wata, abin da muka sani, inda muka samo shi, abin da muka yanke. Taswirar kwarin Hudson tun daren jiya na tura ta a matsayin hoto, don kada data ta ƙare wajen buɗe ta.

Zagaye huɗu, minti 15 kowanne. 6 ga Yuli, ranar da ganuwar Ticonderoga ta faɗa hannun Burgoyne. 20 ga Agusta, bayan karon Bennington. 21 ga Satumba, kwana biyu bayan karon gonar Freeman. Sai 5 ga Oktoba. Doka ɗaya ce take riƙe da aikin duka: ba a kafa hujja da abin da ya faru bayan ranar da ke kan allo. Saƙo tsakanin rukuni da rukuni a takarda yake, ta hannuna yake bi. Na cikin Amurka yakan makara zagaye ɗaya, na Landan zagaye biyu, wani kuma in riƙe shi gaba ɗaya in ce an kama ɗan aiken. Da suka yi ƙorafi sai na ba su labarin Daniel Taylor, ɗan aiken Clinton da aka kama da wasiƙa a cikin ƙwallon azurfa, ya haɗiye, aka ɗura masa maganin amai, daga baya aka rataye shi. Daga nan ƙorafi ya mutu. Wanda aka kama yana turo wa wani rukuni labari ta WhatsApp, rukuninsa ya rasa zagaye.

Inda suke tuntuɓe kusan ba ya canzawa. Shafukan Amurka suna fara rubuta wata kafin rana, sai yaro ya ga 10/7/1777 ya rubuta 10 ga Yuli, alhali 7 ga Oktoba ake nufi. Clinton biyu ne: Henry na Ingila, da George gwamnan New York na ɓangaren Amurkawa, ga kuma ganuwa mai suna Clinton da Henry ɗin ya ci ranar 6 ga Oktoba. Monita yau sai da ya haɗe su mutum ɗaya. In ka rubuta Saratoga a taswirar waya, Saratoga Springs take kai ka, alhali filin dagar yana Stillwater, wurin miƙa wuyar kuma shi ne garin da yau ake kira Schuylerville. Lissafin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni yakan bambanta daga shafi zuwa shafi, shi ya sa gida na uku ya zama dole. Amsar da manhaja ta harhaɗo ba kwanan wata ba madogara, ba na karɓa.

Zagayen farko daɗi. Rukunin Amurkawa da kansu suka gano dabarar Schuyler ta sare itatuwa a tare hanya da karya gadoji, har Burgoyne ya shafe kusan mako uku kan tafiyar mil 23 daga Skenesborough zuwa Fort Edward. Suka yi ta shewa. Rukunin New York kuwa suka zaɓi Filadelfiya, kamar yadda Howe ya yi, suna cewa ai can majalisar 'yan tawaye take.

A zagaye na biyu Anti ta ɗaga hannu. Ita ce mai duba kwanan wata a rukunin Burgoyne.

Ta ce, "Malam, mu mun yanke. Komawa Ticonderoga za mu yi."

Na ce, "Malama, kin dai san doka. Ba a leƙa ƙarshen labari."

Ta ce, "Ban leƙa ba, Malam. A duba gida na uku."

Na duba. Ta rubuta cewa wasiƙar da Howe ya rubuta ranar 17 ga Yuli, yana cewa shi Pennsylvania ya nufa, inda Filadelfiya take, ta iso hannun Burgoyne ranar 3 ga Agusta. Ta rubuta cewa ranar 16 ga Agusta Stark na Amurkawa ya ragargaza rundunar da Burgoyne ya tura ƙarƙashin Baum a Bennington, mutum wajen 900 suka salwanta, dawaki da abincin da aka je nema kuma ba a samo ba. Ta ƙara da cewa yawancin mayaƙan ƙabilun asalin ƙasar da ke wa Burgoyne leƙen asiri sun fara watsewa. Duka kafin 20 ga Agusta. Ba ta karya doka ko ɗaya ba.

Na ce, "To amma umarnin Landan ya ce Albany."

Ta ce, "Umarnin ne zai ciyar da su, Malam? Kowane buhun gari daga Kanada yake zuwa. Wanda aka ce za a haɗu da shi ya aiko ya ce ba ya zuwa. In ni ce, wallahi ba zan ƙetare kogin nan da 'ya'yan mutane ba."

Aji ya yi tsit, har 'yan Paris da ke hira suka juyo.

Tsarin aikin shi ne, kowane rukuni ya yanke abin da ya ga dama, a ba shi maki kan ƙarfin hujjarsa, sannan in karanta abin da ya faru a zahiri, kowa ya dawo kan turbar tarihi a zagaye na gaba. In ba haka ba sauran rukunoni huɗu ba su da abin yi. Na yi hakan. Na karanta musu cewa Burgoyne ya tara abincin kimanin wata guda, ya ƙetare Hudson kan gadar jiragen ruwa daga 13 ga Satumba, ya yanke hanyarsa ta baya da hannunsa. Ranar 19 ga wata mutanensa suka yi karo da maharban Amurkawa na Morgan a gonar Freeman, Riedesel kwamandan Jamusawansa ya kawo ɗauki da yamma, 'yan Ingila suka kwana a filin amma sun rasa wajen 600, Amurkawa wajen 300.

Anti ta ce, "To Malam, mene ne amfanin shawararmu, tunda dole a kai mu inda za a kashe mu?"

Na ba ta amsar da ta dace da aji, cewa makinta cikakke ne, kuma aikin na gwada tunani ne, tarihi ya riga ya auku. Ta ce to, ta zauna. Ba ta gamsu ba, kuma an gani a fuskarta.

Abin da yake cin raina ke nan tun la'asar. Duk ginin wannan aiki, jinkirin saƙo, kama ɗan aike, raba takardu, yana tura ɗalibi ga darasi ɗaya: Birtaniya ta sha kaye saboda labari bai isa kan lokaci ba, Landan nesa, Howe bai ji ba, Burgoyne bai sani ba. Akwai gaskiya a ciki. Germain ya amince da shirin Howe na Filadelfiya da shirin Burgoyne na Albany ba tare da ya ɗaure su da kyau ba. St. Leger, wanda ya kamata ya ɓullo ta kwarin Mohawk da wata rundunar Ingila, ya janye daga Fort Stanwix ranar 22 ga Agusta. Amma darasin yana da sauƙin haɗiya fiye da kima, don ba ya ɗora wa kowa laifi sai teku da daji. Burgoyne ya sani. Tun 3 ga Agusta ya sani. Shirin kuma nasa ne, shi ya rubuta shi a Landan a farkon shekarar, ya nemi a ba shi jagorancin aka ba shi, alhali Carleton, kwamandan Ingila a Kanada, na zaune a can. Mutumin da ya sayar da shiri da bakinsa, ya ci Ticonderoga cikin 'yan kwanaki har aka yi ta murna a Landan, yaya zai rubuta ya ce ya juyo? Shi kansa da umarni ya kāre kansa, yana cewa an ɗaure shi ne ya kutsa har Albany. Takardata mai gida huɗu ba ta da wurin da ɗalibi zai rubuta irin wannan nauyin. Tana tambayar me ka sani, ba ta tambayar me kake tsoron a ce da kai.

Kuma abin ya sake maimaituwa a Oktoba, shi ya fi damuna. Ranar 21 ga Satumba saƙon Henry Clinton ya iso cewa zai taso da mutum 2,000 ya taɓa ganuwoyin Hudson, sai Burgoyne ya haƙa ramuka ya zauna jira. Kullum mayaƙan sa kai suna kwararowa sansanin Gates a tudun Bemis, wanda injiniyansu Kosciuszko ya killace, Burgoyne kuma nasa abincin yana raguwa, har ya rage rabon kowane soja ranar 3 ga Oktoba. Da ya tara manyansa, Riedesel ya ba da shawarar a ja da baya. Bai ɗauka ba. Ranar 7 ga wata ya fita da mutum wajen 1,500 don gwada gefen hagu na Amurkawa, aka harbi janar ɗinsa Fraser ya cika washegari, Arnold ya faɗa wa shingen Jamusawan Breymann aka harbe shi a ƙafa, shingen ya faɗi. Daga nan gaba kura baya sayaki. Ranar 17 ga Oktoba mutum kusan 6,000 suka ajiye makamai. A ajinmu rukunin Burgoyne sau uku suna rubuta a koma, sau uku ina mayar da su gaba.

Malam Babba, da na ba shi labari a ofis, cewa ya yi in bar su su koma ɗin a ga abin da zai faru. Ban yarda ba. In aka buɗe wannan ƙofar aji ya zama wasan zato, babu takardar da za a kafa hujja da ita, kuma waɗanda suka fi baki su ne za su ci. Ya ce to ai ni na sani.

Abincin rana bai samu ba sai ƙarfe huɗu. Hajiya ta kira sau biyu kan maganar ɗinkin Auta. Mota har yanzu tana wurin bakanike.

Rukunin Paris ba su samu lokacinsu ba, ƙararrawa ta riga mu. Su ne za su buɗe ranar Litinin, minti goma: labarin ya isa wurin Franklin a farkon Disamba, aka sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da Faransa ranar 6 ga Fabrairun 1778, kuma ina so su nuna da hujja ko Saratoga ce ta jawo Faransa ko kuwa dama Vergennes na neman dalili, tunda makamai da albarushin Faransa sun daɗe suna shiga hannun Amurkawa a ɓoye. Rukunin Gates kuma suna da rigimarsu ta wa ya ci yaƙin, Gates da ya zauna a sansani ko Arnold da ya shiga wuta. Na ce su nemo hoton dutsen tunawa da ke filin dagar, mai siffar takalmin soja ba suna a jiki, su zo su faɗa mana dalili.

Na buɗe takardun biyar ɗin na ƙara gida na biyar: abin da za a ce da mu a gida in mun yi haka. Rukunin Landan zan ba su sabon aiki, duk janar ɗin da ya ja da baya su rubuta masa amsa cikin layi uku, a karanta a gaban aji kafin a ba shi maki. Zagayen 20 ga Agusta kaɗai za a maimaita, minti 15, da mutanen da suka yi shi yau.