Kifin da ke riƙe ƙwai a baki: don Allah ku bar uwar ta gama aikinta

Masu ajiye kifin ado a tankin gilas, musamman waɗanda suka sayi kifayen Tafkin Malawi irin su wannan mai ruwan ɗorawa da ake kira Labidochromis caeruleus, akwai ranar da za ku ga mace ɗaya ta daina cin abinci, ta koma bayan dutse ta lafe, ƙasan haɓarta ya kumbura, bakinta a rufe gam amma yana ɗan motsi kamar mai tauna goro. Mutane da yawa nan take sai hankalinsu ya tashi su fara zuba magani a ruwa. Lafiyarta ƙalau fa. Ƙwai ne a bakinta, kuma motsin da kuke gani juya su take yi don ruwa mai iska ya ratsa su kar su ruɓe.

Yadda abin ke farawa ma abin kallo ne wallahi. Namijin ne ke fara shiri, launinsa ya ƙara fitowa, ya zaɓi wani dutse mai faɗi ya share, ko ya haƙa ɗan rami a yashi yana kwashe yashin da baki yana tofarwa gefe, duk kifin da ya matso sai ya kore shi har ƙarshen tanki. Da macen ta gifta sai ya sha gabanta ya karkace jiki yana karkarwa, fiffikensa duk a buɗe, ya ja ta zuwa wurin. Idan ta yarda sai su fara zagaya juna, kan wannan a wutsiyar wancan, ta saki ƙwai kaɗan, kafin ka ƙifta ido ta juyo ta tsince su da baki, su sake zagayawa ta sake saki, haka har cikinta ya sauka.

To a nan ne wurin da ya fi burge ni. Ku duba fiffiken ƙasa na namijin, wanda ke kusa da wutsiya, a yawancin irin waɗannan kifaye za ku ga wasu ɗigo-ɗigo masu launin ƙwai. Namijin yana shimfiɗa wannan fiffiken a ƙasa, macen ta kai baki tana tsinkar ɗigon, shi kuma a daidai lokacin yake sakin maniyyinsa, ta zuƙa, ya haɗu da ƙwan a cikin bakinta. Wani masanin dabbobi Bajamushe, Wolfgang Wickler, shi ya kawo bayanin a 1962 cewa macen ɗauka take ƙwanta ne ya rage a ƙasa. Daga baya an gwada cire ɗigon aka ga ƙwan yana ƙyanƙyashewa duk da haka, kenan aikinsu bai tsaya nan ba, har da jan hankalin mace da nuna isa ga sauran maza. Ni dai ko ma mene ne, duk sanda na gani sai na ce tabarakallah.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, karfasar nan da ake kamawa a Tafkin Chadi da Kainji, wadda Turawa ke dangantawa da kogin Nilu, danginsu ɗaya, ita ma macen a baki take riƙe ƙwai, masunta sun daɗe da sanin haka don sukan kamo ta ta amayar da 'ya'ya a cikin jirgi. Akwai ma wata karfasar bakin teku a Afirka ta Yamma da namijin ne ke riƙewa.

Daga ranar da ta ɗauka, ku lissafa kamar mako 3. Ɗumin ruwa ne ke tafiyar da lissafin, tsakanin digiri 24 zuwa 28 shi ne daidai, idan ruwan ya yi sanyi kamar lokacin hunturu sai kwanakin su ƙaru har su kusa mako 4. Ƙwan yana fashewa tun cikin makon farko, amma 'ya'yan suna nan a bakin suna rayuwa da gwaiduwar da ke manne a cikinsu har ta ƙare. Duk tsawon nan uwar kusan ba ta cin komai, za ku ga ta zo wajen abinci ta leƙa ta koma. Za ta rame sosai, kuma tausayinta zai kama ku. Ita wannan mai ruwan ɗorawar ba ta da yawan ƙwai, 10 zuwa 30 haka, ƙaramar mace a karon farko ma bai kai haka ba, kuma sau da yawa sabuwar uwa takan haɗiye ko ta tofar cikin kwanakin farko, kar ku damu, karo na gaba takan riƙe.

Abin da nake roƙo shi ne maganar tatsa. Wasu masu kiwo suna kamo macen su buɗe mata baki da tsinke su girgizo 'ya'yan cikin kwano, don ta koma ci da wuri ta sake yin ƙwai. Na fahimci mai kasuwanci da ke neman yawa, amma kai da kake da tanki ɗaya a falo me kake gaggawa? Bakin nan yana iya jin ciwo, kuma idan ka tatsa da wuri 'ya'yan ba su iya iyo ba, sai ka nemi abin da zai riƙa juya su madadin uwar, ga wuta da ke ɗaukewa, injin da ke hura iska cikin ruwa ya tsaya na 'yan awoyi shi kenan an rasa su. A bakin uwarsu kuwa babu ruwansu da wuta, sai dai ruwan tankin kansa, shi ya sa ƙaramin injin iska mai batir ba abin wasa ba ne, ballantana a Maris da Afrilu da ruwa ke zafi iskar cikinsa ta ragu.

Abin da take buƙata kaɗan ne. Duwatsu masu yawa da lungu inda za ta ɓuya, da mata 3 ko 4 ga namiji ɗaya don kar ya takura wa guda, domin shi da zarar an gama ba ruwansa da ƙwan, nema yake ta sake yin ƙwai ko ta bar masa wuri. Idan kuna son 'ya'yan su tsira, bayan kamar mako 2 sai a mayar da ita ƙaramin tanki da ruwan da aka ɗebo daga babban, a hankali, gara a kora ta cikin kofi da a ɗaga ta a raga don firgita na sa ta tofar da su. A sa soso a bakin filta, wato injin tace ruwa, kar ya zuƙe 'ya'yan. Ranar da ta sake su za su fito cikakkun kifaye ƙanana masu iya ci, a murƙushe musu abinci ya zama gari, ita kuma a ba ta 'yan kwanaki ta ci ta murmure kafin a mayar da ita wajen namijin, in ba haka ba zai sake dame ta tun jikinta bai dawo ba.